Wane lagwani zan sa wa kyandir ɗin kakin waken suya na cikin kofi?

Maman Ikram, Unguwar Zariya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar kyandir mai ƙamshi. Ni sana'ata humra da turaren wuta ce, a gida nake yi. Tun bayan Sallar layya masu haɗa kayan amare suka dame ni da tambayar ko ina da kyandir na cikin kofi irin wanda suke gani a Instagram, har na ga bai kamata in riƙa mayar da ciniki ba. Ƙanen maigidana yana zuwa Kano sari, shi na ba saƙo ya taho mini da kakin waken suya. Fari ne ɓarje-ɓarje, a jikin ledar an rubuta 464. Lagwani kuma iri biyu ya kawo. Ɗaya ƙulli ne da ƴar takarda a jiki an rubuta ECO 8, ɗayan babu rubutun komai, sai dai ya fi na farkon kauri nesa ba kusa ba. Dukansu suna da ɗan ƙarfen nan a gindi.

Kofunan a babbar kasuwa na saye su, gilashi ne mai ɗan kauri. Na auna bakin da tef ɗin tela, santimita 8 daga gefe zuwa gefe, tsawon ma 8. Kowane yana cin giram 220 na kaki in na bar ɗan sarari a sama. Turare ina zuba giram 10 a kan kowane giram 100, mai ƙamshin oud, don shi matan garin nan suka fi nema.

Ga abin da nake gani. In na sa ECO 8, harshen wutar ɗan mitsitsi ne, da ƙyar yake kai santimita ɗaya. Awa uku tana ci, amma abin da ya narke bai wuce faɗin santimita 5 ba, kewaye kuwa kaki ne a daskare kamar ba a kunna komai ba. Kowane kunnawa sai ramin ya ƙara zurfi a tsakiya, daga baya kakin gefen ya zubo ya nutsar da lagwanin, wutar ta mutu da kanta. Rabin kakin yana nan manne da gilashi, kuɗina ne nake kallo.

Mai kaurin kuwa wani tashin hankalin ne. Harshen ya yi tsawo yana ta rawa, lokaci-lokaci ya saki baƙin hayaƙi, bakin kofin ya yi baƙi ƙirin. Kan lagwanin ya yi wani baƙin dunƙule, in ya gutsure ya faɗa cikin kakin ya ɓata shi. Kofin kuma ba ya taɓuwa don zafi. Wannan ba zan iya ba amarya ta ajiye kusa da labule ba.

To tsakanin waɗannan biyun wace lamba ce daidai? Akwai wani lissafi da ake yi ne, ko kowa da sa'arsa? Sannan ina da ƙananan gwangwanaye masu murfi, faɗinsu santimita 5, su ma ina so in san nasu. Kakin nan ba araha gare shi ba, ga canjin naira da sefa, ga wahalar hanya, ba na so in ƙarar da shi a gwaji. Allah ya saka da alheri.

Abdul-Razak, Ali Ɗan Sofo

Wa alaikumus salam Tanti. Ni ɗalibin kimiyya ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi, ina ɗan taɓa kyandir ɗin ina sayar wa ƴan ajinmu, bari in faɗi ɗan abin da na sani kafin manya su zo.

Da farko ki sake auna kofin, amma ta ciki. Kaurin gilashi ba ya cikin lissafi, faɗin kakin da wuta za ta narkar shi ne abin dubawa. Kofin da ya ba ki 8 ta waje ina zaton 7 da rabi za ki samu ta ciki. In kuma irin mai tsukakken gindi ne, ki auna gindin shi ma, don can ne zafi ya fi taruwa.

Abin da ke faruwa a kyandir shi ne, zafin wuta yana narkar da kakin da ke kusa, zaren ya tsotso narkakken zuwa sama, a can ya zama tururi, tururin nan ne yake ci. Lagwani siriri abin da yake jawowa kaɗan ne, sai harshen ya zama ƙarami, zafinsa ba ya kai wa bango. Mai kauri kuma yana jawo fiye da abin da wutar za ta iya cinyewa, ragowar ita ce baƙin hayaƙin da dunƙulen da kika gani. Kamar dai fitilar ƙwai ce in an murɗo lagwaninta sama da yawa, nan da nan gilashin ya yi baƙi.

Kakin suya man waken suya ne aka haɗa da iskar haidurojin har ya daskare. Narkakkensa ya fi na farafin, wato kakin kyandir ɗin kanti, kauri, ba ya hawa zare da sauƙi, shi ya sa yake neman lagwanin da ya fi na kyandir ɗin kanti kauri ko da faɗin ɗaya ne. Wanda ya saba da farafin in ya dawo suya, yawanci sai ya hau lamba ɗaya ko biyu.

Game da lambobin: ECO da CD su ne iri biyun da aka fi amfani da su a kakin suya. Dukansu saƙar auduga ce shimfiɗaɗɗiya da siririn zaren takarda a ciki, kuma an saƙa su yadda kan zai ɗan lanƙwashe yayin ci, ya shiga gefen harshen inda ya fi zafi, ya riƙa cinye kansa. A kowane iri, in lamba ta hau kauri ya hau. Amma lambar wannan ba ta yi daidai da ta wancan ba, ECO 12 da CD 12 ba abu ɗaya ba ne, kada mai shago ya ce miki duk ɗaya ne ya musanya miki.

Jadawalin masu sayar da kayan kyandir, a kaki 464 da faɗin santimita 7 da rabi, yakan faɗa tsakanin ECO 10 da ECO 14, ko CD 14 zuwa CD 18. Gwangwanin santimita 5 kuma wajen ECO 4 ko ECO 6. ECO 8 ɗin da ke hannunki ya yi wa kofin kaɗan, mai yiwuwa kuma ya yi wa gwangwanin yawa. Da ni ne, ECO 14 zan sa kai tsaye. Ƙa'idar da na koya ita ce narkin ya riƙa faɗaɗa kamar santimita 2 da rabi a kowace awa, ke nan kofinki ya narke baki da baki cikin awa uku. Harshen ya tsaya tsakanin santimita 2 da 3, zurfin narkakken kakin kada ya wuce santimita ɗaya da ɗan kai.

Hajiya Mariama mai turare, Bagalam

Sannu ɗiyata, Allah ya sa albarka a sana'a. Yaron nan Abdul-Razak ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara ilimi, amma maganar ECO 14 kai tsaye ban yarda da ita ba.

Kyandir na cikin kofi ba a yanke mishi hukunci a kunnawar farko. Sa'ad da kaki yake cike, wuta tana sama a fili, iska tana kwashe zafinta. Da ta sauka rabin kofi sai bangon gilashi ya kewaye ta, zafi ya rasa wajen fita, ya riƙa dawowa kan kakin. Lagwanin da ya narke miki baki da baki cikin awa biyu ranar farko, in ya kai gindi sai ya mai da kakin duka ruwa, kofin ya yi zafin da zai iya tsagewa. Ni in na kunna sabo na ga ya bar ɗan kaki siriri a jikin gilashi bayan awa huɗu, murna nake yi. A kunnawa ta uku ko ta huɗu zai wanke shi da kanshi. Abin da ba a so shi ne kauri irin wanda kinka faɗa, wanda yatsa zai zauna a kai.

Sai maganar da jadawalin Turawa bai san da ita ba, wato zafin garin nan. Waɗanda sunka rubuta lambobin nan a ɗaki mai sanyi sunka gwada, awo ashirin da ƴan kai. Mu yanzu ɗari ake, da asuba har sai an lulluɓa, kakinki tauri gare shi, wuta sai ta yi aiki kafin ta narkar da shi. Ki bari watan huɗu da na biyar su zo, sa'ad da awon zafi ke wuce 40 a inuwa. Kakin nan 464 yana narkewa ne tun daga wajen 45 zuwa 48. Ki duba tazarar da ta rage. A ɗaki mai rufin kwano da azahar, ko ba a kunna ba za ki ga samanshi ya yi laushi yana gumin turare, lagwanin ya karkace. Lagwanin da ya yi miki daidai a watan ɗaya, a bazara zai yi yawa. Kuma ki tuna amaryar da ta saya yanzu ba lalle ta kunna yanzu ba, wata ado za ta yi da shi a kan madubi har sai ranar da anka ɗauke kuran a tsakiyar bazara. Don haka ni in lamba biyu sunka yi kusa da juna a gwaji, ƙaramar nake ɗauka. Kyandir da ya bar ɗan kaki a gefe asarar dala kaɗan ce, wanda ya fasa kofi kusa da gidan sauro kuwa ba a fatan gani.

Akwai masu sa kakin zuma kaɗan don ya ƙara tauri, kamar kashi biyar zuwa goma cikin ɗari. Yana taimako, don shi sai ya wuce 60 yake narkewa. Amma duk abin da kinka ƙara tauri, lagwani sai ya ƙaru, gwaji ya dawo sabo. Kuma na kasuwarmu sai an narkar an tace shi da ƙyalle mai kyau, in ba haka ba dattin saƙar zuma ya toshe zaren. Akwai kuma kakin suya mai lamba 444, ya fi 464 jure zafi, in ƙanen maigidanki zai samu.

Yanzu turaren. Giram 10 a kan ɗari shi ne iyakar abin da kakin nan ke iya riƙewa, kuma oud mai nauyi ne, shi da sandal da ambar duk suna wahalar da lagwani. Rabin dunƙulen nan da kike gani daga nan yake. Ki sauko 7 ko 8, ƙamshin ba zai ragu yadda kike tsoro ba. Kuma tunda ke mai humra ce bari in faɗa, ko da kin sani, don masu karantawa: humra ba ta shiga kaki, haka turaren fesawa. Mai ruwa ba ya haɗuwa da kaki, mai sinadarin giya kuma kama wuta yake. Ko turaren mai na kwalba ba kowane ba. Ki ɗiga kaɗan cikin narkakken kaki a kofi mai haske, ki juya sosai, ki bar shi. In kinka ga ƴan ƙwayoyi sun kwanta a gindi, wannan ba na kyandir ba ne.

Abdul-Razak, Ali Ɗan Sofo

Hajiya ranki ya daɗe, maganar gindin kofi gaskiya ce, ni gwangwani na fi yi, mai gajeren bango, zafi bai cika taruwa ba. Ƙwayoyin nan da kika ce suna kwanciya, yawanci wani sinadari ne da ake kira DPG, da shi ake tsinka turaren mai na shafawa, kuma ba ya narkewa cikin kaki. Tanti ki tambayi mai sayarwa ko man ƙamshin na kyandir ne.

Amma har yanzu ina ganin a sa 14 cikin gwajin, saboda nauyin oud ɗin.

Maman Ikram, Unguwar Zariya

Na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya ƙara girma da lafiya. Abdul-Razak Allah ya ba da sa'ar karatu. Na auna ta ciki, 7 da rabi ne a baki kamar yadda ka ce, gindin kuma 7. Turaren na gwada yadda Hajiya ta ce, ya haɗu sumul, babu abin da ya kwanta, dama a kwalbar an zana kyandir.

Abin da ya rage mini shi ne samun lambobin. Ƙanen maigidana ya ce a inda yake saye ba kullum ake samun mai takarda ba, galibi a buɗe ake sayarwa, ƙanana da matsakaita da manya, shi ke nan. In haka ta faru yaya zan gane wanda zan ɗauka? Sannan wata maƙwabciyata ta ce ita zaren saƙa take kitsawa da kanta. Wannan yana yi?

Rakiya, Damagaram

Maman Ikram sannu da ƙoƙari. Mu nan Damagaram mun daɗe muna fama da marar lamba.

In ba rubutu, ke za ki ba shi lamba. Ki sa a ɗebo miki kaɗan daga kowane kauri, ki zuba kowane a ledarsa, ki rubuta 1, 2, 3 da alƙalami. Wanda ya ci gwaji, ki manna guda a kwali da salatif ki ba mai zuwa sari ya tafi da shi ya gwada da ido, kuma ki sayi mai yawa lokaci ɗaya. Matsakaicin wannan watan ba lalle ya zama matsakaicin watan gobe ba, ko a shago ɗaya ne. Duk sabon ƙulli da ya zo sai na kunna ɗaya kafin in zuba na sayarwa.

Abu biyu nake dubawa kafin in ɓata kaki. Na farko in kankare kakin da ke jikin lagwanin, in warware zaren, in kai masa ashana. Auduga tana ci ne ta bar toka mai laushi, da warin takarda. In ya naɗe ya yi ɗan ƙwallo mai tauri yana warin roba, akwai leda a ciki, a yar. Na biyu in duba tsakiyarsa. Wasu suna da siririyar waya a ciki don su tsaya tsaye. Mafi yawa tutiya ce, amma a da har da darma ake sawa, kuma hayaƙinta guba ne, musamman ga yara. Amurka ta hana sayar da irinsa tun 2003. Ki goga wayar a farar takarda, in ta yi zane kamar fensir kada ki taɓa shi. Ni ma dai mai waya gaba ɗaya na bar shi, wutarsa ba ta da ƙarfin da kakin suya ke so.

Kitson zaren saƙa kuwa, zai ci wuta in auduga ce zalla, amma hannu ba ya kitsa abu biyu iri ɗaya. Yau ki matse gobe ki sassauta, kofi goma wuta goma. Na amfanin gida ba laifi, na sayarwa ban ba ki shawara ba. Lagwanin fitila da na risho ma ki manta da su, don kananzir aka yi su.

Tunda kina jin tsoron asarar kaki, ga dabarar da nake yi. Ki zuba kofi ɗaya babu lagwani. In ya daskare ki huda tsakiya da tsinken tsire, ki yanke ƙarfen gindin lagwanin ki soka shi ciki. In ya nuna ƙarami ne, ki kashe, ki zare shi tun kakin bai kama ba, ki bari ya huce, ki daidaita saman da bayan cokali mai zafi, ki sake hudawa ki sa na gaba. Da kofi ɗaya za ki fitar da waɗanda ba su da alamar yi. Sai dai dabarar iyakarta rabin kofi, don babu abin da ke riƙe da shi a ƙasa, in narkin ya yi zurfi faɗuwa yake. Biyu ko ukun da suka rage dole ki yi musu cikakken gwaji har gindi, kowane da kofinsa.

Kuma kada ki kunna washegarin zubawa. Kakin suya yana ci gaba da ƙara tauri bayan ya daskare, ki ba shi sati ɗaya zuwa biyu a rufe, don ƙurar hunturun nan ma ba ta barin komai. Wajen gwajin ki kashe fanka, ki raba kofunan da juna kamar taƙi ɗaya don kada zafin wannan ya taimaki wancan. Kafin kowane kunnawa ki datse lagwanin ya rage milimita 5 ko 6. Awa huɗu, ki kashe, ya huce sarai, sannan a sake. In kina da sikelin da kike auna turare, ki riƙa ɗora kofin kafin da bayan, za ki san giram nawa yake ci a awa.

Maman Ikram, Unguwar Zariya

Salam ƴan uwa, na dawo da labari kamar yadda ya kamata. Allah ya taimake ni an samo masu takarda, ECO 10 da 12 da 14. Na zuba kofi uku daga tukunya ɗaya, turare giram 8 a kan ɗari, na kai zafin kakin wajen awo 80 kafin in zuba turaren, na juya minti biyu, na bari ya sauko kusa da 55 sannan na zuba. Na rubuta lambar kowane a gindin kofin.

A kunnawar farko duk wanda ya shigo ɗakin 14 yake nunawa, har maigidan ya ce ga shi nan an gama, me ake jira. Kafin awa uku ya narke baki da baki, ƙamshi ya cika falo. 12 ya bar ɗan kaki siriri a kewaye, kaurinsa bai fi milimita 3 ba. 10 ya bar kusan santimita guda.

Da suka sauka rabi sai labari ya canza. Na tsoma tsinke a cikin 14, narkin ya kusa santimita 2, ina hango ƙarfen gindin ta jikin gilashi tun da sauran kaki mai yawa. Harshen ya fara rawa ko da ƙofa a rufe take, dunƙulen ya dawo, kuma in na kama kofin ta sama ba na iya ƙirga biyar. A nan na tsayar da shi. 12 kuwa ya wanke gefen tas, narkin yana tsayawa a santimita ɗaya, kofin da zafi amma yana ɗaukuwa. Yana yin ɗan ƙaramin baƙi a ka bayan awa huɗu, wanda farce ke cirewa in ya huce. 10 ya rage kakin gefen amma bai cinye ba har ƙasa, ta gefe ɗaya ya fi bari, inda lagwanin bai lanƙwasa ba.

Sikeli ya nuna 10 yana cin wajen giram 4 a awa, 12 wajen 5, 14 ya haura 6. In an bar santimita ɗaya a gindi ba a ƙone ba, kamar yadda ya kamata, abin da zai ci daga giram 220 bai fi 185 ba, ke nan 12 zai ba da awa 37 ko kusa. Zan rubuta 35 a takardar murfi, tare da cewa a datse lagwani, kada a wuce awa huɗu, kada a ajiye gaban fanka.

Wani abin da ya ba ni mamaki: na zuba ɗaya da ƙamshin lemun tsami, wanda ba shi da nauyi, da ECO 10, kofi iri ɗaya, kuma ya wanke gefen ba saura. Ashe kowane ƙamshi sai an yi masa nasa. Hajiya, na ware biyu na oud, ɗaya mai 10 ɗaya mai 12, na ajiye su sai watan huɗu. In 10 ya wanke gefe a zafin nan, na bazara da shi zan riƙa zubawa. Gwangwanayen kuma ECO 8 ya yi musu yawa, ƙarfen ya yi zafin da ya bar shaida a kan tebur, ina jiran a kawo 4 da 6.

Sai wata sabuwa. Uwar wata amarya ta kawo mini kwanon gilashi mai faɗin santimita 11 ta ciki, tana so in cika mata guda biyu. Akwai lagwani ɗaya da zai iya wannan faɗin?

Rakiya, Damagaram

Kada ki nemi ɗaya. Da faɗi ya wuce santimita 9 ko 10, lagwani guda da zai kai bango sai ya yi harshen da zai yi hayaƙi. Ki raba faɗin biyu, kowane lagwani ya ɗauki 5 da rabi, ke nan ECO 4 ko 6 ɗin da kike jira, guda biyu. Tsakaninsu kamar santimita 5, kowane ya bar 3 tsakaninsa da gilashi. Ki fara da 4, don wuta biyu suna ƙara wa juna zafi fiye da yadda lissafi ke nunawa. A kwano mai kewaye, biyu sukan bar kaki ta gefe biyun da ba su fuskanta, in haka ta faru ki koma uku ƙanana a jere kamar duwatsun murhu. Ki manna ƙarfen gindin da gam mai jure zafi, don in narkin ya kai ƙasa ya saki, lagwanin yawo zai yi ya jingina da gilashi. Kuma ki tambayi matar ko kwanon na zuba abu mai zafi ne, in siririn gilashin ado ne ki ce ta canza. Ki sa ta kawo na uku na gwaji, kuɗin kakinsa ki saka cikin farashi.